Sonda ta gaba da ta baya: wacce ke kai wa kwamfutar mota labarin katalizar?

Ɗan'uwa, ka ce wutar gargaɗin inji ta kama a allon motar da ka ɗauko daga Kwatano, na'urar gareji ta nuna P0420 (lambar da ke cewa katalizar, mai tace hayaƙi cikin salansa, ba ta aiki yadda ya kamata), makaniki ya ce a canza sonda, wato na'urar auna oksijin cikin hayaƙi, kai kuma ka ga biyu ne jikin salansa. Kada ka sayi ko ɗaya tukuna.

Ta gaba tana kusa da inji, kafin katalizar. Ita ke auna oksijin da ya rage cikin hayaƙi, kwamfuta ta riƙa daidaita haɗi: kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur. Karatunta ba ya tsayawa wuri ɗaya, hawa da sauka yake yi tsakanin volt 0.1 da 0.9, kuma haka ake so. Toyota da yawa suna da wata irin sonda a nan, karatunta daban ne, amma aikin ɗaya.

Ta baya ita ce mai gadin katalizar. Katalizar mai lafiya kamar rumbu take: in oksijin ya yi yawa ta ajiye, in ya yi ƙaranci ta fitar. Shi ya sa hayaƙin da ya ratsa ta yake fitowa a natse, karatun ta baya ya kwanta wajen volt 0.6 zuwa 0.7. Idan rumbun ya mutu, sai ta baya ta fara kwaikwayon rawar ta gaba. Wannan kwaikwayon kwamfuta ke lura da shi, bayan inji ya yi zafi ana tafiya miƙe, irin ta hanyar Ɗan Isa, kuma yawanci sai ta gani a tafiya biyu kafin ta kunna wuta. Motocin Amurka tun 1996 suke haka, na fetur na Turai tun 2001.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake saurin ɗora wa sonda laifi a garejojin Maraɗi. Ta baya in ta lalace, galibi lambarta daban take fitowa, irin P0136 ko P0141. Ka sa a buɗe maka karatun biyun tare, inji na aiki. A duba ko salansa ta huje kusa da sonda, don iskar waje na ruɗa awo. A leƙa ko an kwashe cikin katalizar tun kafin motar ta iso hannunka, saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki. In kuwa injin na shan baƙin mai ko fulogi na tsallake wuta, a fara gyara wannan, in ba haka ba sabuwar katalizar ma ƙonewa za ta yi.