Sharhi kan Street Fighter 30th Anniversary Collection

Kamfanin Capcom ya fitar da wannan kundi a 2018, ya tara wasannin bidiyo na faɗa 12 na jerin Street Fighter a cikinsa, daga na farko na 1987 zuwa 3rd Strike na 1999. Babban amfaninsa shi ne mutum yana gani da idonsa yadda aka riƙa gyara ƙarfin jaruman cikin wasan daga fitowa zuwa fitowa. A Hyper Fighting na 1992 an ƙara sauri, aka ba Chun-Li damar jefa ƙwallon wuta, Dhalsim kuma ya samu dabarar ɓacewa ya bayyana a wani gefen, abin da ya sauya salon faɗansu gaba ɗaya. Sean, wanda yake da ƙarfi sosai a 2nd Impact, an raunana shi ƙwarai a 3rd Strike.

Abin da ya dame ni shi ne kundin da aka sayar a Amurka da Turai bai ƙunshi nau'in Japan ba. A nau'in Japan sunayen wasu jarumai sun bambanta: ɗan damben sunansa M. Bison, shugaban miyagun kuma Vega. Mafi muhimmanci, kwamfutar da ake karawa da ita a wasan Super Turbo na wajen Japan tana da tsanani fiye da kima, har sabon ɗan wasa yakan karaya tun kafin ya koyi komai. Duk da haka, kundin ya cancanci kuɗinsa.