Shagon da ya gyara mana hotunan Baba

Da arba'in ɗin Baba ta matso, 'yan'uwa suka ɗora mini aikin hotuna, wai ni ce malamar makaranta. Abu biyu muke so: a gyara tsofaffin hotunansa uku a sa a firam, a kuma buga ɗan littafi mai shafi 12 da za a raba wa masu zuwa addu'a. Abokiyar aikina ce ta kwatanta mini wani shago a Sabon Garin Zariya, ba nisa da PZ. Ba zan kama suna ba, don akwai yabo, akwai kuma ƙorafi.

A akwatin ƙarfensa muka tsinci hotunan, ƙarƙashin kaki da takardar sallama. Na farko na ranar da suka gama horon kurata ne a Depo, nan Zariya, a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa. Yaro siriri, kai a aske, kunnuwa a waje. Danshi ya ci gefe guda har ya taɓa kafaɗarsa. A nan kam mai shagon ya nuna gwaninta. Bai taɓa hoton da sinadari ba, na'ura ya sa ta ɗauke shi, ya cike gurbin a kwamfuta, ya maido mini da na asalin cikin ambulan. Ko layin ɗakunan da ke bayansu bai ɓata ba. Depo ɗin nan tun 1924 take horar da sojoji, kuma Baba kan ce duk kurtun da ya sha ranar filin faretinta ba ya ƙara tsoron zafi.

Matsalar daga na biyu ta fito, na Labanon. Najeriya ta ba da sojoji ga rundunar kiyaye zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya da aka kafa a kudancin ƙasar a 1978, Baba kuma yana cikin waɗanda aka tura, lokacin yana saje. Hoton baƙi da fari ne, na ce a sa masa kala. Yaron shagon aka bar wa aikin. Da na kai samfurin gida, Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan kuma wane ne?" Hular da ya kamata ta fito shuɗiya an mayar da ita kore. Fuskar ta yi sumul kamar ta ango. Tabon da ke haɓarsa, wanda ya dawo da shi daga fagen daga, an goge shi tas. Igiya ukun hannunsa ma sun narke sun koma biyu, wato an sauke shi zuwa kofur bayan ransa. Mutumin da ya yi shekaru yana jiran igiyar nan!

Na koma da fushina. Mai shagon bai yi musu ba. "Malama, ki yi haƙuri, kwamfutar ce ke ƙawata fuska da kanta, yaron bai duba ba." Ya jawo mini kujera, muka zauna kusan awa guda, ina faɗa yana gyarawa, har tabon ya dawo mazauninsa. Bai karɓi ƙarin ko sisi ba. Wannan ya sa na huce.

Na uku na tsufansa ne, da babbar riga a ƙofar gida, bai buƙaci wani aiki ba.

Littafin kuwa takardarsa mai kauri ce, ɗinkin ya kama, amma samfurin farko ya zo babu haruffa masu lanƙwasa. Duk inda na rubuta ƙasa ya koma kasa, ɗa ya koma da. A garin da aka kafa Kamfanin Gaskiya, inda jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, abin da kunya. Kuma shafin da ya fi shan wahala shi ne wanda na fi so, na rayuwarsa bayan ritaya: shekarun da ya riƙe asusun masallacin unguwa yana rubuta kowace naira a littafin ɗan makaranta, yadda mai unguwa ke aika masa in rikicin iyakar fili ya tashi, yadda ya riƙe marayun ƙaninsa huɗu da fanshon da ba kullum yake zuwa a kan kari ba. Sun gyara, amma sai da na bi layi-layi da jan biro. Wanda zai kai musu rubutun Hausa ya nemi samfuri kafin a buga.

Alkawarin kwana biyar suka yi, aka yi takwas, sun ce wuta. Kuɗinsu ya ɗan fi na shagunan da na taya a Tudun Wada, firam ɗin dai katako ne na gaske da gilashi.

Ranar addu'a wani tsoho daga cikin mazan jiya, abokin tafiyar Baba faretin tunawa da mazan jiya na 15 ga Janairu, ya tsaya gaban hoton Depo ya ɗora yatsa a kan na uku daga hagu. Ya ce wannan shi ne da kansa. Ya roƙi kwafi ɗaya, jibi zan koma shagon in sa a wanke masa.