Sharhi kan robar Danimer mai ruɓewa da hannun jarin da aka sayar da sunanta

Kamfanin Danimer Scientific, wanda hedikwatarsa ke garin Bainbridge a jihar Jojiya ta Amurka, ya sayar wa jama'a kaya iri biyu a lokaci guda, kuma ya kamata a auna kowanne a ma'auninsa, domin mafi yawan waɗanda suka sayi na biyun sha'awar na farkon ce ta ja su. Kaya na farko wata roba ce mai suna Nodax, wadda ake yin mazuban abinci da ledar kayan ƙwalama da bututun shan lemo da ita, kuma tana ruɓewa bayan an yar. Na biyu shi ne hannun jarin kamfanin, wanda aka fara cinikinsa a kasuwar New York a ƙarshen Disambar 2020, ƙananan masu zuba jari kuma suka yi rububinsa. Labarin ya shafe mu, tunda yanzu manhajoji irin su Bamboo da Trove suna ba ɗan Kano ko ɗan Kaduna damar sayen hannun jarin Amurka daga wayarsa, sannan tun da gwamnatin jihar Legas ta haramta farar robar kumfa ta zuba abinci a Janairun 2024, harkar mazubi mai ruɓewa ta shiga bakin masu neman inda za su sa jari a gida.

Robar ita ce ta cancanci yabo, don haka da ita zan fara. Wadda muka saba gani daga ɗanyen man fetur ake samo ta, ita kuwa Nodax daga cikin ƙwayoyin bakteriya ake ciro ta. Ana zuba ƙwayoyin a manyan tankunan ƙarfe, a ciyar da su man kanola, wato man wani tsiro da ake nomawa da yawa a Kanada, sannan a rage musu wasu sinadaran da suke buƙata domin hayayyafa, sai su koma tara abincin a jikinsu kamar yadda ragon da aka turke yake tara kitse. Abin da suka tara, wanda masana ke kira PHA, shi ake tacewa a busar, a sayar wa masana'antun da ke narka shi su ƙera abin da suke so. Asalin fasahar ta kamfanin Procter & Gamble ce, wanda ya sayar da ita a 2007, kuma masana'antar da Danimer ya dogara da ita tana garin Winchester a jihar Kentaki. Dalilin ruɓewarta a fili yake: tunda halittu ne suka haɗa ta a matsayin abincin ajiya, akwai wasu halittun a cikin ƙasa da cikin ruwa da ke iya cinye ta.

Abin da ya fi shahara cikin kayan da aka yi da ita shi ne bututun shan lemo mai suna phade, na kamfanin WinCup, mai launin shuɗi. Duk wanda ya taɓa shan lemo mai sanyi da bututun takarda ya san yadda yake jiƙewa ya lanƙwashe kafin a kai rabin kofi, ga ɗanɗanon kwali da yake bari a baki. Na yi amfani da na phade a lemo mai ƙanƙara, na bar shi a kofin har ƙanƙarar ta narke, kuma da na zaro shi yana nan da ƙarfinsa, bakinsa bai yi laushi ba, bai kuma sauya ɗanɗanon abin shan ba. In ba don launinsa ba, da wuya mutum ya bambanta shi da na robar fetur, kuma a wannan sana'a babu yabon da ya wuce haka, domin mai gidan abinci ba ya son abokin cinikinsa ya lura an sauya masa wani abu.

Batun ruɓewa yana buƙatar a ɗan tsaya a kansa, domin a nan ake yawan rikita masu saye da masu zuba jari baki ɗaya. Yawancin kofuna da cokulan da ake tallatawa da sunan masu ruɓewa da wata roba ake yin su mai suna PLA, wadda galibi daga masara ake samo ta, kuma ita ba ta ruɓewa yadda ya kamata sai an kai ta wurin haɗa taki na musamman inda zafi ke kaiwa kusan digiri 58. Idan ta faɗa kwata ko teku, zamanta take yi. PHA ta fi ta nesa ba kusa ba. Masanan cibiyar nazarin teku ta Woods Hole sun wallafa wani bincike a 2024, inda suka jiƙa bututu iri-iri a ruwan teku mai gudana na tsawon makonni 16, suka tarar na takarda da na PHA sun zaizaye sosai, har suka ƙiyasta za su ɓace cikin watanni 10 zuwa 20, alhali na PLA da na robar fetur ba su nuna alamar lalacewa ba. Sakamako ne mai kyau ƙwarai, sai dai maganar watanni ake yi a kan bututu siriri. Kwalba mai kauri, ko mazubin da aka binne ƙarƙashin tulin bola inda iska ba ta shiga, lissafinsu daban ne. Wannan giɓi tsakanin abin da robar ke iya yi da abin da tallarta ke sa mutum ya zata shi ne jaridar Wall Street Journal ta fito da shi a Maris na 2021, inda ta ruwaito masana suna cewa an zuzuta saurin ruɓewar. A ganina kaya ne na gaskiya mai amfani, wanda ko da an faɗi iyakarsa tun farko ba zai rasa masu so ba.

Hannun jarin kuwa ta wata hanya ya shigo kasuwa. Danimer haɗewa ya yi da Live Oak Acquisition Corp, ɗaya daga cikin kamfanonin nan da ba su da wata sana'a sai tara kuɗin jama'a a kan dala 10 kowane hannun jari, domin su nemi wani kamfani su haɗe da shi. Wannan hanya ta ba shi damar baje wa masu zuba jari hasashen cinikin ɗaruruwan miliyoyin daloli na shekaru masu zuwa, abin da kamfanonin da ke bin tsohuwar hanyar shiga kasuwar hannun jari suke taka-tsantsan da shi saboda gudun shari'a. Zuwa Fabrairun 2021 farashin ya haura dala 60. Abin da ya fi ɗaukar hankalin ƙananan masu saye shi ne manyan sunayen da aka jera: PepsiCo yana gwada ledar soyayyen dankali, Nestlé yana neman gorar ruwa, kamfanin giya na Bacardi ya sanar da kwalbar da za ta ruɓe cikin watanni 18, Mars Wrigley kuma yana son ledar alewar Skittles. Yarjejeniyoyin nan duk an ƙulla su, amma da yawansu na haɗa kai a yi gwaji ne, kuma akwai tazara mai nisa tsakanin babban kamfani ya yarda a buga sunansa a sanarwar kare muhalli da ya riƙa aiko da odar dubban tan kowane wata. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Wanda ya buɗe rahoton shekara na kamfanin, wanda kowa zai iya saukewa kyauta, zai ga amsar a layuka biyun farko na shafin riba da asara. Layin sama na ciniki ne: kusan dala miliyan 59 a 2021, ya sauka zuwa kusan miliyan 53 a 2022, ya ƙara sauka zuwa kusan miliyan 47 a 2023. Layin da ke ƙarƙashinsa na kuɗin da aka kashe ne wajen sarrafa kayan da aka sayar, kuma a 2022 da 2023 ya fi na samansa girma. Ma'anar haka ita ce tun kafin a biya albashin ofis da kuɗin bincike da ruwan bashi, kamfanin ya riga ya faɗi a kan kayan da ya fitar, kuma asarar 2023 gaba ɗayanta ta wuce dala miliyan 150. Masana'anta irin wannan tana cin wuta da ruwa da albashi ko tankunanta a cike suke ko rabi, ita kuwa ta Winchester ba ta samu odar da za ta cika ta ba. Man kanola ya yi tsada bayan farin da aka yi a yammacin Kanada a 2021 da yaƙin Yukiren a 2022, ga kuma robar fetur da aka shafe shekaru fiye da sittin ana rage kuɗin sarrafa ta, har farashinta bai kai rabin na PHA ba. A cikin wannan hali ne kamfanin ya kashe dala miliyan 152 ya sayi kamfanin Novomer a 2021, ya ci bashin dala miliyan 240 a ƙarshen shekarar, ya kuma aza harsashin sabuwar babbar masana'anta a Bainbridge, wadda ya jingina kammala ta ga lamunin da ya nema daga Ma'aikatar Makamashi ta Amurka, lamunin da bai taɓa shiga hannunsa ba. Masu tace hannun jari bisa ƙa'idar shari'ar Musulunci, wadda ke ƙin kamfanin da bashinsa mai ruwa ya wuce kashi 30 cikin ɗari na darajarsa a kasuwa, za su lura cewa zuwa ƙarshen 2023 bashin Danimer ya ninka darajar tasa.

Adalci ne a ambaci cewa kamfanin Spruce Point, wanda ke cin riba idan farashin hannun jari ya faɗi, ya zargi shugabannin Danimer da kambama yawan abin da suke sarrafawa, wasu masu hannun jari kuma suka kai ƙara, amma kotun tarayya ta yi watsi da ita a 2023. Don haka ba zan kira harkar damfara ba. Lissafin kasuwanci ne bai fita ba.

Mu ɗauki mutumin da ya sayi hannun jari 40 a kan dala 50 kowanne a farkon 2021, wato ya zuba dala 2,000. A 2024 farashin ya faɗi ƙasa da dala ɗaya, abin da dokar kasuwar New York ba ta lamunta na dogon lokaci, sai kamfanin ya haɗe kowane hannun jari 40 ya mayar da su ɗaya a watan Nuwamba. Mutumin nan ya wayi gari da hannun jari guda tak, wanda darajarsa ba ta kai dala 40 ba. A Maris na 2025 Danimer ya shigar da takardun karyewar jari a kotu, inda doka ta sa masu bin bashi a gaba, masu hannun jari kuma a ƙarshen layi, daga baya kamfanin Teknor Apex ya saye harkar. Abin takaicin shi ne an taɓa yin irin haka da wannan robar: kamfanin Metabolix ya haɗa kai da Archer Daniels Midland suka gina masana'antar PHA a jihar Iowa, abokin tarayyar ya janye a 2012, kuma a 2016 Metabolix ya sayar da fasahar ga kamfanin CJ CheilJedang na Koriya ta Kudu a kan dala miliyan 10.

Ga wanda za a kawo wa tayin irin wannan kamfani a gida, ko mai sarrafa tuƙar rake ne ko mai shigo da mazuban daga waje, wadda za ta yanke hukunci ita ce mai sayar da shinkafa da ke sayen mazubi ɗari-ɗari a kasuwa, kuma ita bambancin naira kaɗan a kan kowane guda yana iya cinye ribarta ta yini. Ba za ta sauya ba sai doka ta tilasta wa kowa a layinsu, dokar Legas kuwa a Legas ta tsaya, sannan duk kayan da ake sayowa da dala farashinsu yana bin canji. Zan nemi a nuna mini nawa mazubi ɗaya ke ci kafin ya bar masana'anta da nawa ake sayar da shi, da yawan abin da aka sayar aka karɓi kuɗinsa a shekarar da ta wuce, da bashin da ke kan kamfanin da ranar biyansa. Idan mai tallar ya kawo takardar shaidar ruɓewa da sunayen manyan abokan hulɗa amma ya kasa kawo waɗannan alƙaluma, zan iya sayen mazubinsa in yi amfani da shi, amma ba zan sa kuɗina a kamfaninsa ba.