Akwatin fentin aljihu na Cotman: a titi ya yi, a gidan tarihi sai da dabara

Mai zanen da ke son kama abin da ya gani nan take, inuwar bishiya a jikin bango ko mutum zaune yana jiran mota, zai ji daɗin ƙaramin akwatin fentin ruwa na Cotman, wanda kamfanin Winsor & Newton na Ingila yake yi. Na roba ne, yana shiga aljihu, kuma a cikin murfinsa ake haɗa launi. Busassun launuka 12 ne a 'yan gurabe: rawaya biyu, ja biyu, shuɗi biyu, kore biyu, ruwan ƙasa uku, sai fari ɗaya.

Babu baƙi a ciki, kuma hakan ya fi. A haɗa shuɗi mai duhu da ruwan ƙasar da ya fi ja, toka-toka mai rai za ta fito, irin wadda inuwa ke buƙata. Farin kuwa ba ya da amfani sosai, domin a fentin ruwa takarda ce farinka.

Fentin na masu koyo ne, launinsa bai kai na ƙwararru kauri ba. Kafin a fara, a ɗiga ruwa ɗigo biyu a kowane gurbi, a jira minti ɗaya ƙaron da ya riƙe fentin ya jiƙa, in ba haka ba zanen zai fito fari-fari. Buroshin da ke cikin akwatin shi ne rauninsa, ya yi ƙanƙanta, ba ya ɗaukar ruwa. Sararin sama zai bushe layi-layi kafin ka kai ƙarshensa. Gara a nemi buroshi mai tankin ruwa a jikinsa, da takarda mai nauyin giram 300 a kowane murabba'in mita, don mara nauyi tana lanƙwashewa.

Gidajen adana zane da yawa, irin su Metropolitan na New York, fensir kawai suke yarda a yi zane da shi a ɗakunan nuni. Sai ka tsaya gaban aikin, ka zana fasalinsa da inda haske ya faɗo, ka rubuta sunan launuka a gefe. Da ka fito ka sa fenti, tun ido bai manta ba.

Kada a rufe akwatin da danshi, zai iya yin fumfuna. A bar shi a buɗe ya sha iska tukuna.