Za ka turke namijin alade? Duba laisin kafin ka sayi abinci

Jama'a masu kiwon aladu, musamman mu na Kudancin Kaduna da Filato da ke kai dabbobi kasuwar Katsit ta Kafanchan ranar Alhamis, in za ka sayi abincin turka daina tsayawa a kan furotin nawa aka rubuta a jikin buhu, tambayi laisin nawa ne a ciki. Furotin ɗin ai ƙananan sinadarai ne da ake kira amino asid suka haɗu suka yi shi, kuma a abincin da masara ta fi yawa laisin, wanda ɗaya ne daga cikinsu, shi ke fara ƙarewa, da ya ƙare tsoka ta tsaya, abin da alade ya ci sai ya koma kitse da fitsari. Shi ya sa za ka ga alade ya yi ƙato amma mahauci ya danna bayansa ya ji luɓus sai ya rage maka kuɗi.

Namijin da ba a dandaƙe ba ya fi dandaƙaƙƙe buƙatar laisin, don jikinsa tsoka yake ɗorawa, ga shi bai kai dandaƙaƙƙen ci ba, kenan ɗan abin da zai ci dole ya zama mai ƙarfi. In nauyin aladen daga kilo 25 zuwa 50 ne a nemi laisin wajen kashi 1 cikin 100 na abinci, in ya doshi kilo 80 sai a sauko kusan 0.8.

Toh me za ka saya? Gamammen abinci na kamfani shi ne kwanciyar hankali amma tsada, kuma a wajenmu na kaji ya fi samuwa. Mai alade biyu uku ya yi. Akwai kwansantiret, wato haɗin furotin mai ƙarfi na kamfani da kake haɗawa da masararka, shi ma babu laifi in kamfanin ya rubuta laisin a fili, in bai rubuta ba ni dai ba na ɗauka.

Inda maganar take shi ne haɗawa da kanka, garin waken suya da aka matse ko tunkuzar gyaɗa. Su biyun furotin ɗinsu kusan ɗaya ne, wajen kashi 44 zuwa 45, kuma nan ne mutane ke ruɗewa su ɗauki tunkuza don ta fi araha. Amma laisin na garin waken suya da aka matse wajen kashi 2.8 cikin 100 ne, na tunkuza 1.5, masara kuwa 0.25 kacal. Yi lissafi, kilo 20 na waken suya a haɗin kilo 100 zai ba ka laisin giram 560, tunkuza 300, giɓin 260 ne. In ka cike da garin laisin na shago wajen giram 330 (na 98.5, don ba dukan garin ne laisin ba) tunkuzar ta yi maka aiki, in ba ka cike ba arahar nan ba ta ado. Sannan ka shinshina tunkuzar, ka fasa dunƙule ɗaya ka duba ciki, in ka ga kore-kore ko warin ruɓa bar musu kayansu, gubar fumfuna na lalata hanta. Waken suya ɗanye kuma kar ka bayar, sai an soya, amma in ya ƙone ya yi baƙi laisin ɗin ya tafi, ruwan zuma-zuma ake so.

Shi kansa garin laisin kala biyu ne a kasuwa. Wanda aka rubuta 98.5 a buhu ainihin laisin ɗin cikinsa kusan kashi 78 ne, wanda aka rubuta 70 mai ƙwaya ruwan ƙasa wajen 55 ne, saboda haka in na 70 bai sauko ƙasa da kashi 70 cikin 100 na farashin ɗayan ba babu ribar da ka ci. Buhun kilo 25 ya yi wa ƙaramin mai kiwo yawa, ku haɗa kuɗi ku raba, ya fi sayen na ƙulle a leda da ba ka san me aka cakuɗa ba. Metiyonin kuwa, wani amino asid ɗin, masu kaji ne ya fi damu, a alade bayan laisin yawanci tireyonin da tiriftofan ne amino asid ɗin da ke biyowa wajen ƙarewa, don haka kar ka cire waken suya gaba ɗaya ka ce garin laisin zai rufe komai.

Dusar ƙwarar manja da dusar giya cika ciki ne, a sa kaɗan. Garin jini laisin ɗinsa da yawa, ya kai 7, sai dai aladu ba su cika son ɗanɗanonsa ba, kilo 2 zuwa 3 a 100 ya isa.

Wajen haɗawa kar ka watsa giram 330 a kan tulin kilo 100 kai tsaye, fara cakuɗa shi da mudu biyu na dusa tukuna. Kuma namijin da ba a dandaƙe ba in ya balaga namansa na iya yin wari a tukunya, don haka ka tsara fitar da shi kafin ya wuce wata 6, ko ka tambayi dillalin da kake sayar wa ko masu sayensa na karɓa.