Manhajar waya ko shafin intanet: da wanne sabon kamfani zai fara?

Ɗan'uwa, ka ce ku uku ne kuka kafa kamfani, kuna son gina wata hanya da ƙananan 'yan kasuwa za su riƙa aika wa abokan cinikinsu takardar neman biyan kuɗi, su kuma san wanda ya biya da wanda bai biya ba. Jarinku ba zai ɗauki aiki biyu ba, shi ne kake tambaya ko ku fara da manhajar waya ko da shafin intanet. A irin aikinku, shafi zan ce ku fara da shi, ko da yake akwai inda manhaja ta fi shi nesa ba kusa ba.

Duba yadda mutum zai iso gare ku. Idan shafi ne, adireshi kawai za a tura masa, ya taɓa, ya buɗe. Idan manhaja ce, sai ya shiga App Store ko Google Play, ya nemo ta, ya jira ta sauka, wataƙila ma sai ya goge hotuna don ta samu wuri, sannan ya yi rajista. A kowane mataki akwai wanda zai gaji ya koma. Ku kuma mutum biyu kuke yi wa aiki, ɗan kasuwa da abokin cinikinsa. Ɗan kasuwan zai iya haƙurin sauke manhaja saboda yana da buƙata. Wanda aka aiko wa takarda ɗaya tak ba zai sauke komai ba don ya biya kuɗi. Ke nan ko kun gina manhajar, dole ku gina shafin da shi zai buɗe.

Babban bambancin da nake so ka fi tsayawa a kai shi ne saurin gyara. A watannin farko, mafi yawan abin da kuke zato game da masu amfani da kayanku zai sauya da zarar sun fara taɓa shi. A ce kun gano a ƙananan wayoyi, idan mutum ya taɓa gurbin rubuta adadin kuɗi, allon haruffa yana tasowa ya rufe maɓallin "Aika". Mutum ya rubuta komai, ya rasa inda zai danna, ya fita. A shafi, za ku matsar da maɓallin da safe, duk wanda ya shigo da rana gyararren zai gani. A manhaja sai kun fitar da sabon zubi, kun miƙa wa Apple ko Google sun duba, sannan kowane mutum ya sabunta tasa. Wasu ba za su sabunta ba har watanni, ku kuma dole ku ci gaba da kula da tsohon zubin don kada ya daina aiki a hannunsu. Akwai ma jira tun kafin a fara: tun daga Nuwamba 2023, Google na buƙatar mai manhaja da ya buɗe sabon asusu na mutum ɗaya ya yi gwajin kwana 14 da wasu masu gwaji kafin ya fitar da manhaja ga kowa. Kamfanin da bai gama sanin abin da jama'a ke so ba yana buƙatar ya gwada, ya gyara, ya sake gwadawa a cikin mako guda, kuma shafi ne ya fi ba da wannan damar.

Batun kuɗi kuwa, rajistar da za ku yi don sa manhaja a App Store da Google Play ba ita ce nauyin ba. Apple na karɓar dala 99 a shekara, Google dala 25 sau ɗaya. Nauyin yana kan aiki: manhajar iPhone da yaren Swift ake rubuta ta, ta Android da Kotlin, aiki biyu ke nan. Kayan gina manhaja irin su Flutter ko React Native suna rage wannan, tunda rubutu ɗaya zai hau duka biyun, amma gwaji da gyara a kowane ɓangare suna nan. Sai kason da ake yanka. Idan kuka sayar da rajistar wata-wata a cikin manhaja, kantunan biyu, App Store da Google Play, kan ɗauki kashi 15 zuwa 30 cikin 100, ko da yake dokokin sun fara sassautawa a wasu ƙasashe. Kuɗin kaya ko aikin zahiri da abokin ciniki zai biya ɗan kasuwa ba ya cikin wannan lissafi, amma kuɗin da ku za ku caji ɗan kasuwan yana iya shiga.

To, ina manhaja ta yi fice? Duk inda aikin ya rataya a jikin wayar kanta: kyamara, bin sawun inda mutum yake ko da ya kashe fuskar waya, haɗuwa da wata na'ura ta Bluetooth, ko aiki na tsawon lokaci babu intanet. Instagram ya fito a Oktoba 2010 a kan iPhone kaɗai, bai zo Android ba sai Afrilu 2012, kuma hakan ya dace da shi don hoton waya ne sana'arsa. Uber, manhajar kiran motar haya, ma sai ya san inda direba da fasinja suke a kowane lokaci. Airbnb kuwa da shafi ya fara, saboda mai neman masauki bincike yake yi, ya duba hotuna, ya zaɓa. Aikinku ya fi kama da na Airbnb. Tazarar ma ta ragu: yanzu ana iya gina shafin da mutum zai ajiye alamarsa a fuskar waya kamar manhaja, kuma tun Maris 2023 iPhone ke barin irin wannan shafi ya aiko da saƙon tunatarwa. Bai kai manhaja santsi ba, amma ya isa a ce wa ɗan kasuwa "an biya ka".

Kada ka ji na ce shafi ka ɗauka aikin zane ya ragu. Ku fara zana shi a kan faɗin waya, daga baya ya buɗe ya cika kwamfuta. Tun 2010 mai zanen shafuka Ethan Marcotte ya bayyana tsarin shafi ɗaya da ke daidaita kansa da kowane allo, kuma shi ne ake bi har yau. Ƙaramin allo zai tilasta muku zaɓar abu ɗaya mafi muhimmanci a kowace fuska. A shafin wanda zai biya, sunan ɗan kasuwa, adadin kuɗi da maɓalli guda sun isa, tarihin kamfaninku ya jira wani wuri. Maɓallin ya kai girman da yatsa zai taɓa ba kuskure. Apple na ba da shawarar ɗigo 44 a kowane gefe, Google 48. Rubutu mai ruwan toka a kan fari yana da kyau a kwamfutar mai zane, amma a cikin rana ba ya karantuwa, shi ya sa ƙa'idar WCAG, wadda ke tsara yadda kowa zai iya amfani da shafi, ta nemi bambancin haske na 4.5 da 1 tsakanin rubutu na yau da kullum da launin bayansa. Google kuma na ɗaukar shafi mai sauri ne idan babban abin da ke cikinsa ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, don haka ku rage nauyin hotuna. A fom ɗin rajista, duk gurbin da ba za ku yi amfani da amsarsa yau ba ku cire shi.

Kafin ku rubuta komai, ku zana fuskokin a manhajar zane irin Figma ko ma a takarda, ku ba 'yan kasuwa biyar ɗaya bayan ɗaya, ku ce su aika takardar biyan kuɗi, ku yi shiru ku zuba ido. Masanin sauƙin amfani da shafuka Jakob Nielsen ya nuna a shekarar 2000 cewa mutum biyar kan bankaɗo kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani. Gani ya kori ji: wanda zai ce muku "ya yi kyau" shi ne za ku ga yatsansa na yawo yana neman inda zai danna.

Ku koma batun manhaja ranar da kuka ga 'yan kasuwa suna dawowa sau da yawa a mako, suna roƙon abin da shafi ya kasa, kamar shigar da ciniki a inda babu sabis. A lokacin, bayanan shafin za su nuna muku irin wayar da mafi yawansu ke riƙewa, sai ku gina wa wannan ɓangaren tukuna, ɗayan ya biyo baya.