Shagon maigida ko cibiyar koyon sana'a: amsa ga Hajiyar da ta yi tambaya a kan ƙaninta

Hajiya, tun daren jiya na ga tambayarki, sai yanzu da wuta ta ɗauke muka ajiye aiki na samu zama. Kin ce ƙaninki shekararsa 19, ya bar makaranta a aji biyar bai kai ga CEP (takardar gama firamare) ba, yini yake a majalisa, kin tsinci tiramol a aljihun wandonsa, shi kuma burinsa a saya masa babur ya shiga kalando, wato acaɓa. Kina so ki sani: a kai shi wurin maigida ya koyi sana'a, ko a sa shi cibiya? Ni walda nake yi a nan Garwa, arewacin Kamaru. Yara da yawa sun bi ta hannuna, kuma ina karɓar 'yan cibiya da ake turo mana su gwada aiki, don haka na ga kowane ɓangare da idona.

Maganar babur a ajiye ta tukuna. Yaron da ke shan ƙwaya, in aka ba shi babur an haɗa masa kuɗin sayenta da dalilin shanta, domin masu sha cewa suke yi tana hana su jin gajiya da zafin rana. Kuma tiramol in ta yi yawa tana kayar da mutum kamar mai farfaɗiya. Ki ɗauka hakan ta same shi a kan gadar Binuwai da fasinja a baya.

Cibiyoyin ma ba iri ɗaya ba ne. CETIC, wato makarantar sakandare ta fasaha, shekara huɗu ce zuwa CAP, takardar shaidar sana'a, kuma ta yaran da suka fito firamare ce, ta wuce shi. Akwai SAR/SM, cibiyoyin koyon sana'ar hannu a ƙarƙashin ma'aikatar aikin yi da koyon sana'a, shekara biyu, gini, kafinta, ɗinki da makamantansu. Akwai CMPJ, cibiyar horar da matasa ta ma'aikatar matasa, wadda ta fi kusa da irin ƙaninki, domin tana karɓar wanda ya bar makaranta. Sai kuma gajeren horo na wata uku ko shida da ƙungiyoyi ke yi, wanda ya yawaita a arewa tun daga 2014 da rikicin Boko Haram ya tsananta, musamman wajen Marwa, Mora da Makolo.

To, mu fara da abin da ya fi damuna: wa zai riƙe shi daga safe zuwa dare? A cibiya ana tashi da rana ko la'asar, ga Asabar da Lahadi, ga hutu. Duk waɗannan sa'o'i na majalisa ne, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A shago kuwa bakwai na safe yana share wuri, yana fito da injin, ba ya tashi sai magariba, ya koma gida hannunsa ko cokali ba ya son ɗagawa. Malamin cibiya yana da yara cike da aji, in ɗaya bai zo ba sai ya sa alama a littafi. Ni in yarona bai zo ba, kafin hantsi na aika gidansu, don aikina ne ya tsaya. A nan shago ya fi, nesa ba kusa ba.

Sai maganar aljihu, wadda manya ke rainawa. Saurayi ɗan shekara 19 ba zai roƙi yayarsa kuɗin sabulu kullum ba, kunya za ta kashe shi, ko ta mayar da shi inda ya saba samu. A shago yana cin abincin rana tare da mu, da yamma a miƙa masa ɗan abin da zai sha shayi, in an kai ƙofa gidan mai ita a ba shi tukuici. Ba wani abu ba ne, amma guminsa ne, kuma kin san yadda yaro ke tafiya ranar da ya fara sayo wa mahaifiyarsa goro da kuɗinsa. A cibiya ke za ki fitar: rajista, kayan aiki, kuɗin hawa, karin kumallo, wata da watanni babu abin da ke shigowa. Yaran da na sani sun bar cibiya, yawancinsu ba wuyar karatu ta kore su ba, yunwa ce da kuɗin babur.

Harshe ma abin dubawa ne. Cibiya da Faransanci take koyarwa, da allo da littafi. Wanda ya gudu daga aji biyar, yau ka zaunar da shi benci ɗaya da ƙannensa, malami ya tashe shi ya karanta ya kasa, gobe ba za ka gan shi ba. A shago da Hausa da Fillanci muke yi, da ido da hannu.

Amma kar ki ɗauka shago ba shi da aibi, ni da ke cikinsa na fi kowa sani. Mu masu gida ba mu da tsari. Yaro sai ya shekara yana goge tsatsa, yana shafa fenti, yana sayo mana ruwan sanyi, ba a ba shi sandar walda ya riƙe ba. Wani maigidan da gangan yake ɓoye sirrin aiki, kar yaro ya iya ya buɗe nasa kusa da shi. Wani duka ne da zagi. Ba ranar gamawa, ba takarda, sai ranar da maigida ya ga dama ya yaye shi. Kayan kariya kuwa sai addu'a. Ni kaina a shekarata ta farko na kalli hasken walda ba gilashi, da dare na farka kamar an zuba mini rairayi a ido, hawaye na zuba har asuba, mahaifiyata na ɗora mini tsumma mai sanyi. Babu wanda ya gargaɗe ni. Ɗan cibiya tun makon farko an gaya masa wannan.

Ga wani abin da ya sa nake girmama cibiya. Ina da yaro mai hannu, in ya ja walda kamar ɗinkin keke. Wata rana na ba shi awon taga a rubuce, ya yanka ƙarfe shida, duka sun gaza da santimita biyu, domin tef ɗin awo ba ya karanta shi, da ido yake kintace tun da ya zo, yana jin kunyar faɗa. A lokacin akwai wani ɗan cibiya a wurina wanda waldarsa ƙuraje ce kawai, amma shi ya zauna ya lissafa mini ƙarfe nawa gini guda zai ci, ya rubuta takardar farashi da Faransanci muka kai wa mai aiki. Wanda ya iya karanta zane da lissafin kaya shi ke karɓar kwangila, mai hannu kawai yakan ƙare yana yi masa aiki. Haka kuma in babban kamfani irin Sodecoton zai ɗauki ma'aikaci, takarda ake fara tambaya. Cibiyoyin da ma'aikatar koyon sana'a ta amince da su suna kai yara jarrabawar CQP ko DQP, takardun gwamnati na shaidar ƙwarewa a sana'a. Ki tambayi duk cibiyar da kika je, musamman ta kuɗi: wace takarda kuke bayarwa, ta gwamnati ce ko taku? Ki kuma ce a nuna miki ɗakin aiki. In injin ɗaya ne yara ashirin ke layi a kansa, kin ga amsa.

Gajeren horon nan na ƙungiyoyi da ake rabon kayan aiki a ƙarshe, yana amfanar wanda ya riga ya fara sana'ar. Sabon shiga wata uku ba ya isarsa. Na ga yaro a unguwarmu da aka ba keken ɗinki bayan irin wannan horo, bai yi wata biyu ba ya sayar, don ko wuyan riga bai iya fitarwa ba, babu mai kawo masa yadi.

Da ƙanina ne, ga abin da zan yi. Shago tukuna, shekara guda aƙalla, wurin maigidan da kika bincika halinsa a wurin maƙwabtansa da yaran da ya yaye. Kar ku zaɓa masa sana'a a bayan idonsa. Tunda babur yake so, gyaran babur ya fi kusa da zuciyarsa, kuma aikin ba ya yankewa a garin nan. Ku je da wani babba namiji daga gidanku, a zauna a yi magana gaban shaida: shekara nawa, yaushe zai fara taɓa aiki da hannunsa, me za a riƙa ba shi. Ki gaya wa maigidan maganar ƙwayar tun farko, kar ki ɓoye, domin wanda zai riƙe injin yankan ƙarfe ko ya gwada babur ɗin mutane dole a san halinsa. Ki kai shi asibiti kuma. Barin tiramol lokaci guda yana kawo ciwon jiki, gumi da rashin barci, yaro ya ga kamar mutuwa zai yi ya koma. Likita ya san yadda ake rage ta.

Yana shago, ke kuma ki bi takardu. In ba shi da takardar haihuwa, a shekarunsa sai an bi ta kotu an samo hukuncin da ke maye gurbinta, sannan katin ɗan ƙasa. Ba tare da su ba, ba jarrabawa, ba tallafi. Da sun fito, ya yi rajista a ofishin FNE na Garwa, hukumar da aka kafa a 1990 don masu neman aiki, ya kuma rubuta sunansa a CMPJ, domin ta nan ake bi wajen shirye-shiryen matasa 'yan shekara 15 zuwa 35, irin PAJER-U da shirin nan na sefa biliyan 102 da Shugaba Paul Biya ya sanar a Fabrairun 2016. Masu nema suna da yawa, kar ku jingina rayuwarsa a kai, amma sunansa ya kasance a ciki.

Idan hannunsa ya faɗa, ya ga da kansa inda rashin karatu ke tsayar da shi, a lokacin ne cibiya ko darasin dare zai shige shi, don shi zai nema. Yaron nan mai yankan taga, bayan abin ya faru shi ya roƙe ni in riƙa sakinsa ƙarfe biyar ya je koyon lissafi.

In kin ga dama ki turo shi ranar Asabar da safe tare da kawunku. Zan zagaya da shi wurin masu gyaran babur biyu da na yarda da su, ya tsaya ya kalli aikin kafin a yanke magana.